Giya ta Huɗu: Littafin Aikin Chevelle 1969

Asabar, 4 ga Fabrairu 2023

Yau na yanke shawara zan sauke giyar motar nan in ɗora mata wata, kuma zan riƙa rubuta duk abin da na yi da ranar da na yi shi. Motar Chevrolet Chevelle Malibu ce ƙirar 1969, injin silinda takwas mai lamba 350, wato lita 5.7, da giya otomatik TH350 mai hawa uku. Shekara shida ke nan tana hannuna a nan Houston. Wanda na saya a wurinsa ya canja haƙoran aksul na baya zuwa 3.73, wato farfela ta juya sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya, don ta riƙa fizga idan danja ta ba da hannu. A cikin gari abin sai wanda ya gani, amma a babbar hanya wahala ce.

Makon jiya muka tafi Galveston ta hanyar I-45, tafiyar mil 50 kacal. Ina kan mil 70 a awa, kusan kilomita 113, allurar juyin inji tana tsaye a kan 3,500. Uwargida ta yi haƙuri har muka yi rabin hanya, sannan ta ce, "Baban yara, wai motar nan ba ta da sauran giya ne? Kuka fa take yi." Gaskiya ta faɗa. Injin da ya haura shekara 50 bai kamata ya yini yana ihu haka ba.

Ga lissafin da na yi a bayan ambulan. Tsayin tayata inci 26 ne. Idan ka ninka gudu da 3.73, ka ninka da 336 (lambar da ba ta canjawa a irin wannan lissafi), ka raba da tsayin taya, mil 70 zai ba ka juyi 3,374 a minti ɗaya. Ragowar da allura ta nuna santsin kwambata ne, wannan tulun mai da ke tsakanin inji da giya a madadin kuloci. Giya ta uku a TH350 ɗaya bisa ɗaya ce: inji ya juya sau ɗaya, farfela ta juya sau ɗaya. Abin da nake nema shi ne hawa na huɗu wanda farfela za ta fi inji saurin juyawa. Da hawa na huɗu mai 0.67, wancan 3,374 zai dawo kimanin 2,260.

Lahadi, 12 ga Fabrairu

Zaɓi biyu ne a gabana, duka na kamfanin GM, wato General Motors mai ƙera Chevrolet: 700R4 da ta fito a 1982, da 200-4R da aka ƙera daga 1981 zuwa 1990. Dukkansu 'ya'yan tsadar man fetur ne. Bayan rikicin mai na 1973 da dokar tsimin mai ta 1975, dole ta sa kamfanonin Amurka suka nemi hanyar rage wa inji juyi a kan titi. Lokacin da aka ƙera Chevelle ɗina babu wanda ya damu da wannan.

Yawancin mutane 700R4 suke ɗauka saboda ta fi yawa a kasuwa. Ni ban ɗauke ta ba. Giyarta ta ɗaya 3.06 ce, idan ka haɗa da aksul 3.73 ka samu 11.4, ka ga kafin ka ƙetare mahaɗa ta riga ta nemi ta biyu, kuma tazarar da ke tsakanin 3.06 da 1.63 na giya ta biyu ta yi faɗi, inji sai ya faɗi ƙasa. Ita 200-4R jerinta 2.74, 1.57, 1.00, 0.67, hawan matakala ne mai daɗi. Sannan 700R4 ta fi TH350 tsawo da kusan inci uku, sai an yanke farfela. 200-4R kuwa tsawonsu ɗaya da TH350 mai gajeriyar jela, haƙoran shaf ɗinta na baya 27 ne kamar na tsohuwar, don haka farfelata za ta shiga ba tare da an taɓa ta ba. Ana cewa ba ta da ƙarfi. Ita ce dai aka ɗora wa Buick Grand National, motar da ta ba manyan motocin gudu kunya a 1987. Injina bai kai can ba.

Asabar, 25 ga Fabrairu

Na samo ta a wani filin 'yan gwangwan a bayan gari, cikin wata Oldsmobile Cutlass ta 1987 da aka daka ta baya. Ni da babban ɗana muka kwance ta, awa huɗu a kwance cikin tsakuwa. Kaskon ƙasanta dogo ne mai noti 16, kan kowane noti na sifana 13. Fuskar da ke haɗuwa da inji mai ramuka iri biyu ce, tana hawa injin Chevrolet, tana hawa na Buick da Oldsmobile da Pontiac. Sai da na ƙirga ramukan nan kafin in biya kuɗi. Man da ya zubo baƙi ne, yana warin ƙuna. Ban damu ba, dama gyaran ciki za a yi mata gaba ɗaya.

Asabar, 11 ga Maris

Akwai wani dattijo a layinmu, Ba'amurke, wanda ya yi shekara talatin da wani abu yana gyaran giya otomatik kafin ya yi ritaya. Shi ya karɓi aikin cikin, da sharaɗin in zauna in gani. Ni na yi zaman gareji a Kano ina yaro, na san inji, na san giyar hannu, amma cikin otomatik ban taɓa buɗe shi da hannuna ba.

Mun baje ta a kan tebur. Faifan kuloci na giya ta uku sun ƙone har ƙarfen ya yi shuɗi. Dattijon ya ɗaga ɗaya ya nuna mini, ya ce ba tsufa ne ya kashe su ba, ƙarancin matsin mai ne. Ya ɗauko wata siririyar waya da ke reto a gefen giyar, wadda ni ko kallo ba ta ishe ni ba, ya ce ita ce ta kashe giyar nan, kuma ita za ta kashe sabuwar idan na yi wasa.

A nan na fahimci bambancin. TH350 tana jin nauyin da ke kan inji ta hanyar zuƙar iska, da ɗan tiyo daga inji zuwa wani gwangwani a gefenta. Wayar da ke jikinta ta sauko da giya ce kawai idan ka take totur, ko ka cire ta mota za ta yi tafiya lafiya. A 200-4R babu wancan gwangwani. Wannan waya, da suke kira TV, wato ta bawul ɗin totur, ita kaɗai ce ke gaya wa giya yawan totur ɗin da ka taka. Tana tura wani ɗan bawul a cikin ƙwaƙwalwar giyar, shi kuma ya ɗaga matsin man da ke damƙe faifan kuloci. Ka taka totur, ƙarfin inji ya ƙaru, idan matsin bai tashi tare da shi ba sai faifan su riƙa sulɓi a kan juna. Sulɓi zafi ne. A 'yan mil kaɗan sai a gama da su. Zan riƙa kiranta wayar matsi.

Abin da muka sa: sababbin faifai da sil gaba ɗaya, famfon mai mai fukafukai 10 a madadin mai 7, bututun gaba mai taurarren haƙori domin na asali ya cinye, babban fistin na bel ɗin giya ta biyu, da bawul ɗin ƙarin matsi mai ɗan girma. Ban nemi kayan tsere ba. Motar zuwa masallaci ce da yawon iyali.

Asabar, 18 ga Maris

An haɗa ta, an yi mata fenti, an toshe duk wata kafa da tsumma. Azumi ya ƙarato, ranar Alhamis ake sa ran ɗauka, don haka aikin ƙarƙashin mota zai jira. Sai dai kayan da zan yi oda: sabuwar kwambata mai kulle, sandar awon mai ta 200-4R domin ta tsohuwar ba ta shiga, ƙaramin lagireton sanyaya man giya, da gejin matsi mai kai 300 a ma'aunin psi.

Asabar, 29 ga Afrilu

An sha ruwa lafiya, an yi Sallah. Yau motar ta hau jak huɗu. Mun cire batir, farfela, kik, layukan mai biyu, wayar maleji, sandar canjin giya, notin kwambata uku, sannan muka sauko da TH350. Ta fi kilo 50, kuma ba ta da wurin riƙo. Na wanke ta na ajiye a lungu tare da duk notinta a cikin leda mai rubutu. Ban yanke komai a jikin motar nan ba kuma ba zan yanke ba. Duk ranar da wani ya so mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, yini ɗaya ya ishe shi.

Tun da wuri a buɗe yake, na duba fulawil, babu tsagewa. Na hura layukan mai da iska bayan na wanke su, don kada dattin tsohuwar giya ya shiga sabuwa.

Asabar, 6 ga Mayu

Ranar ɗorawa. Na zuba wa kwambata kusan lita ɗaya na mai, na shafa wa wuyanta, na tura ta a bakin giya ina juyawa. Dole ta faɗa ciki sau uku: haƙoran shaf, haƙoran bututu, sannan kunnuwan famfo. Na ji biyu, na ɗauka uku ne. Ɗana ne ya ɗora ruler a fuskar giyar ya ce, "Abba, dattijo ya ce inci ɗaya za a gani, wannan rabi ne." Na ci gaba da juyawa ina ɗan ɗagawa, can sai ta ƙara zurmawa da ƙara. Da mun ɗaure giyar a jikin inji a yadda take da farko, da famfon da muka saya sabo ya fashe kafin a tayar da mota. Na ji daɗin yaron nan ƙwarai. Shekararsa 16.

Bayan mun ɗaure, kwambata tana juyawa da hannu, tazararta da fulawil kimanin milimita 4, daidai yadda ake so. Notinta na ma'aunin mita ne, na tsohuwar na inci ne, kada wanda zai yi irin aikin nan ya cusa tsofaffin.

Mazaunin 200-4R ya fi na TH350 komawa baya da kusan inci shida. Sa'ar da aka yi, cesis ɗin Chevelle na waɗannan shekaru yana da ramukan da aka tanada don babbar giyar TH400, kuma nan ne daidai wurin. Muka ja ƙarfen gicci baya, noti suka shiga. Abin da ya biyo baya shi ne wayar hambirki, wadda ke rataye a jikin ƙarfen giccin, ta daina kaiwa. Sai ta motar da ta fito da TH400. Na yi oda. Farfela ta shiga salin alin, da ɗan sararin da take buƙata na shiga da fita.

Lahadi, 14 ga Mayu

Ƙananan ayyuka. Na toshe kafar iskar da ke zuwa tsohon gwangwani. Na ɗaura ƙaramin lagireto a gaban babba, mai ya fara bi ta cikin babban sannan ya shiga ƙaramin kafin ya koma giya, domin zafin Houston a watan Yuli ba abin wasa ba ne. Salansar hagu ta matso kusa da kasko, na kai wa mai walda ya ɗan karkata ta. Sandar giya da ke jikin sitiyari ta kama P da R da N da D daidai, amma gilashin nuni na giya uku ne, yanzu kuma wurare huɗu ne na gaba. Na canja gilashin.

Maleji kuma sai da lissafi. A wannan giya haƙorin da ke juya wayar maleji yana jikin gwamna ne, ɗan na'urar da ke gaya wa giya gudun mota, a cikin kasko, don haka tun tana kan tebur muka sa mai haƙori 10. Tayata tana juyawa sau 776 a mil ɗaya. Goma sau 3.73 sau 776, a raba da 1001, juyin da wayar maleji ke buƙata a mil ɗaya, ya ba da 28.9. Na sa mai haƙori 29 a waje.

Asabar, 20 ga Mayu

Yau ce ranar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ba mu ɗaga ƙarfe ko ɗaya mai nauyi ba.

Kafiretar da ke kan injina ba a yi ta don wayar matsi ba. Hannunta yana da rami, waya za ta maƙale, ido zai ga kamar komai ya yi. To amma ba maƙalewa ake nema ba. Ana so maƙalin ya kasance kimanin milimita 28 daga tsakiyar shaf ɗin totur, kuma a kusurwar da za ta sa waya ta fara ja da sauri tun daga taɓawar farko. Idan nisan ya yi yawa ko ya yi kaɗan, za ka iya saita ta daidai a cikakken totur amma ta zama sako-sako a ƙaramin totur, inda mota ke yin kusan duk rayuwarta. Na sayi ɗan ƙarfen da ke gyara wannan kusurwa, da wani maƙalin da ke riƙe rigar wayar a bayan kafireta.

Mun bar kasko a buɗe don mu gani da ido. Ɗana ya shiga mota ya take totur har ƙasa, ni ina ƙasa da tocila. Bawul ɗin ya kamata ya nutse gaba ɗaya. Bai nutse ba, ya rage kusan milimita 3. Muka duba sama, ashe ko totur ɗin kansa ba ya buɗewa duka, darduma ta tokare feda. Muka gyara wannan tukuna. Sannan na danna maɓallin saiti, na mayar da rigar wayar baya, na buɗe totur da hannu har ƙarshe tana ƙas-ƙas tana saita kanta. A karo na biyu bawul ya nutse, kuma da aka saki totur hannun yana nan yana taɓa shi, babu sarari.

Muka rufe kasko, muka zuba man Dexron, muka ɗaura geji a kafar gwaji ta gefen direba. Bismillah, aka tayar. A silo geji ya nuna 72. Na ja wayar da yatsa kaɗan, allura ta yi tsalle nan take. Na ja ta duka, 185. Dattijon ya ce lambar ƙarshe ba ta dame shi kamar tsallen farko ba: idan totur ya motsa allura ba ta motsa ba, kada a fita da mota. Gaba ɗaya ta sha kusan lita 11 har da layuka.

Lahadi, 21 ga Mayu

Fitar farko, kuma ban yi mil biyu ba na tsaya. Na ratayo gejin ta taga na manna shi a gilashi don in riƙa gani. Da farko lafiya. Bayan na ɗan taka sau biyu sai giya ta fara shiga da wuri, ɗaya, biyu, uku a jere kafin mil 25, kuma shigar ta yi laushi kamar ana ɗora ƙafa a kan katifa. Wanda bai sani ba zai ce daɗi ne. Na kalli geji, ina ƙara totur allura tana nan kusa da 75. Na kashe mota a bakin hanya.

Maƙalin da ke riƙe rigar wayar ne ya lanƙwashe. Ƙarfensa siriri ne, takawar da na yi ta ja shi gaba, waya ta yi sako-sako. Raina ya ɓaci, domin an sayar mini da shi ne a matsayin kayan wannan aikin musamman, kuma mai yin sa ya san abin da ke rataye a kansa. Ban yarda in tuƙa ta gida ba ko da mil biyu ne. Muka jawo ta. Na zaro sandar mai na shinshina, ja ne garau, babu warin ƙuna. Alhamdu lillahi. Ba don gejin nan ba, da na yini ina yawo ina murna.

Asabar, 27 ga Mayu

Na yanko ƙarfe mai kaurin milimita 3, na yi maƙali da hannuna, mai walda ya ƙara masa haƙarƙari, na ɗaure shi da notin kafireta biyu na baya. Na sa ƙarfina na ja, ko gezau. Muka sake saiti daga farko, muka sake awo: 72 a silo, tsalle nan take, 185 a ƙarshe. A kan titi da ƙaramin totur ta biyu tana shiga wajen mil 18, ta uku wajen 30, ta huɗu wajen 45, kowace da ɗan bugu mai tsabta da ake ji a baya. Haka nake so.

Saura kullen kwambata. A cikinta akwai kuloci da ke haɗe inji da giya kai tsaye idan an ba shi wuta bolt 12, santsi ya ƙare, zafi ya ragu. A motocin 1980 da wani abu kwamfuta ce ke ba da umarnin. Tawa ba ta da kwamfuta, don haka wuta za ta taso daga fiyus, ta bi ta makunnin birki, ta shiga giya, inda wani makunnin matsi ke barin ta wuce a giya ta huɗu kaɗai. Na haɗa, na fita, babu kulle. Sai da na taɓa birki a kan mil 55 na ji ta kulle. Makunnin yana da baki huɗu: biyu suna ba da wuta idan an taka birki, na fitila ke nan, biyu suna yankewa idan an taka. Na ɗauki na fitila. Minti biyar ya gyara shi.

Asabar, 10 ga Yuni

Houston zuwa San Antonio ta I-10, kusan mil 200, ni da uwargida da yara biyu. Muna fita gari ta shiga ta huɗu, bayan ɗan lokaci na ji kullen ya kama kamar an ƙara giya ta biyar. A mil 70 allura ta kwanta a kan 2,250 da ɗan ɗoriya, kusan daidai da abin da na rubuta a bayan ambulan a watan Fabrairu. Aksul ɗin 3.73 yanzu yana tafiya kamar 2.50, amma daga danja ta fi da fizga, domin giyarta ta ɗaya, 2.74, ta fi 2.52 ta tsohuwar. Zafin man giya bai wuce digiri 82 na ma'aunin Celsius ba ko a tsakar rana. Mun yi hira da murya ta yau da kullum tun daga Katy, a bayan garin Houston, har muka isa, ƙaramar ma ta yi barci. Mai kuwa, a da galan ɗaya yana kai ni mil 11 a babbar hanya, wannan tafiyar na samu 15 da rabi.

Abu biyu na lura. A hawa mai ɗan tsayi, idan ina ƙasa da mil 50 a kulle, inji yana ɗan nishi. Zan ƙara makunnin da ke jin zuƙar iska, ya riƙa sakin kullen idan nauyi ya ƙaru. Sannan akwai ɗigon mai a gindin sandar awo.

Asabar, 24 ga Yuni

Mil 600 tun ɗorawa. Na sauke kasko. Ɗan baƙin gari ne kawai siriri a kan maganaɗisu, irin na sababbin faifai, babu ɓarɓashin ƙarfe. Na kai wa dattijon kaskon har gida, ya shafa da yatsa, ya duba a rana, ya miƙo mini ya ce in mayar. Na sa sabuwar filta da gaskit, na canja robar gindin sanda, ɗigo ya tsaya. Makunnin iska ya shiga, nishin hawa ya tafi. Maleji yana ƙara mil ɗaya a kan abin da wayar hannu ke nunawa a gudun 70, na bar shi haka.

Na yi wa rigar wayar matsi alama da farin fenti a daidai inda take, na rubuta 72 da 185 a takarda na manna a cikin murfin akwatin gaban mota, tare da gargaɗin cewa duk wanda ya taɓa kafireta ya ɗaura geji kafin ya fita. Gejin kansa yana cikin but, a naɗe cikin tsumma. Awo na gaba idan ta cika mil 3,000.